Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Tarihin Rigimar 'Yan Damben Zamani da Masu Shirya Musu Wasa

Maƙalarmu ta wannan mako ta tarihi ce, za ta kai mu fagen damben zamani, musamman a Amurka, mu duba rigimar kuɗi da kwantiragi tsakanin masu dunƙule hannu da masu shirya musu wasa. Tana da ɗan tsawo, sai a gyara zama.

Ranar 19 ga Yuli, 1986, a filin Wembley da ke Landan, wani Ba'amurke mai suna Tim Witherspoon ya kare kambunsa na duniya na ajin masu nauyi. Abokin karawarsa shi ne Frank Bruno, ɗan gida, wanda dubban mutanen Ingila suka yi dafifi don su ga ya ɗauki kambun. Ba su gani ba. A turmi na 11 Witherspoon ya kai shi ƙasa, aka tsayar da wasa. Bruno da ya sha kaye ya tashi da kimanin dala 900,000. Shi kuwa Witherspoon, zakaran da aka yi wa alkawarin dala 550,000, da aka gama yanke-yanke abin da ya shiga hannunsa dala 90,000 ne da 'yan kai.

Ina sauran kuɗin suka shiga? Kafin mu kai ga amsa sai mun koma baya, don ba a kan Witherspoon aka fara ba. Duk wanda ya bi tarihin wannan sana'a daga shekarun 1930 zuwa yau zai ga rigima ɗaya ce take ta canza riga. A kowane zamani ana samun mutum guda da ya riƙe abu uku: ƙofar da ake bi a kai ga kambu, da wakilin da ya kamata ya tsaya wa ɗan dambe, da littafin lissafi. Ɗan dambe kuwa jarinsa ƙuruciya ce, ita kuma ba ta jiran a gama shari'a.

WA KE CIN ME?

Akwai mutum biyu da ake yawan rikitawa a wannan harka: manaja, da mai shirya wasa, wanda ake kira furomota.

Manaja wakilin ɗan dambe ne. Shi ke zaɓar masa abokin karawa, shi ke yi masa ciniki, kuma ladansa kaso ne daga abin da ɗan damben ya samu. Hukumomin dambe na jihohi da dama a Amurka sun ƙayyade kada kason ya wuce ɗaya cikin uku. Saboda haka idan ladan ɗan dambe ya yi tsoka, na manaja ma ya yi.

Furomota kuwa ɗan kasuwa ne. Shi ke kama fili, ya sayar da tikiti, ya yi ciniki da gidan talabijin, ya biya 'yan damben biyu ladansu, abin da ya rage shi ne ribarsa. Ke nan duk dalar da ta ƙaru a ladan ɗan dambe daga ribar furomota ta fito. Wannan ba laifi ba ne, haka ciniki yake. Mai saye yana son sauƙi, mai sayarwa yana son tsada, dillalin mai sayarwa yana tsakani yana ja. Ɓarna tana shigowa ne ranar da dillalinka ya zama yaron mai saye.

Wani abin kuma, damben zamani ba shi da uwar ƙungiya guda mai gasa da jadawali irin na ƙwallon ƙafa. Babu albashin wata, babu ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa. Kowane wasa cinikinsa daban, kowace jiha a Amurka da hukumarta da dokokinta. Yawancin 'yan damben kuma 'ya'yan talakawa ne da ba su yi zurfi a karatu ba, suna zaune teburi ɗaya da mutanen da ke da lauyoyi da akantoci.

1937: AN SA WA ƘOFA KUƊIN SHIGA

A 1937 kambun masu nauyi yana hannun James Braddock. Yana da yarjejeniya da kamfanin Madison Square Garden na New York cewa zai kara da Max Schmeling na Jamus, wanda ya doke Joe Louis a 1936. Shi kuma Louis yana ƙarƙashin wani furomota mai suna Mike Jacobs, wanda ke son yaronsa ya riga Schmeling kai wa ga kambun.

Manajan Braddock, Joe Gould, ya san da wuya mutuminsa ya tsira a hannun ko wanne daga cikin biyun. Sai ya sayar da damar da tsada. Sharaɗin da ya gindaya wa Jacobs shi ne, ban da ladan wasan, shi da Braddock za su riƙa karɓar kashi 10 cikin 100 na ribar da Jacobs zai samu daga wasannin kambun masu nauyi har tsawon shekara 10. Jacobs ya yarda. Madison Square Garden ya garzaya kotu, kotu ta ƙi hana wasan. Schmeling ya je aka auna nauyinsa ranar 3 ga Yuni kamar yadda takardarsa ta ce, amma Braddock bai zo ba. Ranar 22 ga Yuni, 1937, a Chicago, Louis ya sauke Braddock a turmi na 8.

Louis ya riƙe kambun daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. A shekara goman farko, mutumin da ya kayar yana gida yana cin kaso daga ribar wasanninsa. Manajojinsa biyu, John Roxborough da Julian Black, suna ɗaukar rabin ladansa. Ga bashin da ya ci a hannun Jacobs lokacin yana soja, ga harajin gwamnati da ya taru har ya haura dala miliyan 1, ga shi kuma mai sakin hannu. Bashi ya dawo da shi fage bayan ya yi ritaya, Ezzard Charles ya doke shi a 1950, Rocky Marciano ya jefa shi waje da igiya a 1951. Ƙarshen rayuwarsa ya yi aikin tarbar baƙi a wani otal na caca a Las Vegas.

Abin da cinikin 1937 ya nuna wa 'yan harkar shi ne, wanda ke riƙe da zakara zai iya sa wa mai neman kambu duk kuɗin shigar da ya ga dama, har da kaso daga abin da bai riga ya samu ba.

ZAMANIN KAMFANI GUDA

A 1949 wasu attajirai biyu, James Norris da Arthur Wirtz, suka kafa kamfanin International Boxing Club, wanda aka fi sani da IBC. Sun mayar da wancan darasi ya zama tsari. Manyan filayen dambe na New York da Chicago da Detroit suna hannunsu, haka ma wasannin da ake nunawa a talabijin duk mako. Duk wanda ke son a ba shi damar neman kambu, sai ya fara sa hannu cewa idan ya ci, IBC kaɗai zai shirya masa wasannin kambu na shekara 3 zuwa 5. Ta haka ko wa ya yi nasara, zakaran nasu ne. Daga 1949 zuwa 1953, cikin wasannin kambun duniya 44 da aka yi a Amurka, 36 nasu ne.

A bayan labule kuma akwai 'yan Mafiya, musamman Frankie Carbo da yaronsa Blinky Palermo, waɗanda ke juya manajoji da dama. Su ne ke faɗar wanda zai samu wasa da wanda zai zauna a gida.

A 1960 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Estes Kefauver ya zauna sauraron shaidu, aka ji abubuwa daga bakin masu abin. Jake LaMotta ya amsa cewa da gangan ya bari Billy Fox ya ci shi a 1947, don a ba shi damar neman kambu, kuma duk da haka sai da ya ƙara da dala 20,000 kafin damar ta zo a 1949. Ike Williams, tsohon zakaran marasa nauyi, ya ba da nasa labarin. Ya saɓa da manajansa na farko, ya so ya riƙa yi wa kansa ciniki, sai ƙungiyar manajoji ta haɗa baki aka daina ba shi wasa. Da yunwa ta ishe shi ya shiga hannun Palermo. Wasanni suka dawo, amma ya shaida wa kwamitin cewa ladan wasanni biyu da ya yi a 1948, da Beau Jack da Jesse Flores, ko sisi bai gani ba, kowanne kuma ya haura dala 30,000. Harajin kuɗin da bai gani ba kuwa shi ya biya.

Gwamnati ta kai IBC kotu a 1952 bisa laifin mamaye kasuwa. A Janairun 1959 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin rusa kamfanin. A 1961 aka yanke wa Carbo shekara 25, Palermo shekara 15, saboda yunƙurin ƙwace kaso daga ladan zakara Don Jordan ta hanyar barazana. Aka ɗaure mutanen, aka rusa kamfanin. Amma sharaɗin nan na "sa hannu kan wasanninka na gaba kafin a buɗe maka ƙofa" babu dokar da ta taɓa shi. Yana nan ajiye, yana jiran mai ɗauka.

DON KING DA JAKAR DALA 50,000

Wanda ya ɗauka shi ne Don King, mutumin Cleveland mai gashi a tsaye. Ya fito daga kurkuku a 1971 bayan ya yi kusan shekara 4 kan kisan wani mutum da yake bi bashi. Cikin shekara uku ya haɗa wasan da duniya ba ta manta ba, Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba, 1974. Ya yi wa kowannensu alkawarin dala miliyan 5 alhali ba shi da su, sannan ya nemo masu zuba kuɗi, ciki har da gwamnatin Mobutu. King baƙar fata ne a harkar da fararen fata suka daɗe suna juyawa, kuma ya iya baki. Matasan 'yan dambe baƙaƙe sun ga ɗan uwa ya zo.

Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda ya je wasan Joe Frazier da Foreman a Jamaika a 1973 cikin motar Frazier, zakaran lokacin, ya dawo cikin tawagar Foreman da ya ci. Abin da ya yi da ƙafa a wannan dare, daga baya da takarda ya riƙa yin sa. Duk mai son karawa da zakaran King sai ya ba King wasanninsa na gaba.

Ranar 2 ga Oktoba, 1980, Ali yana da shekara 38 ya dawo ya kara da Larry Holmes a Las Vegas. Ya sha duka turmi 10 ba ya ramawa, har mai horar da shi, Angelo Dundee, ya ce a tsaya. Kwantiragin Ali na dala miliyan 8 ne. Abin da King ya biya ya gaza da kimanin dala miliyan 1 da dubu 170. King ya ce an yi magana ta baka da manajan Ali an rage kuɗin. Lauyan Ali ya ce abin da ke rubuce shi ne magana, ya shigar da ƙara a 1982.

Ɗan jarida Jack Newfield, a littafin da ya rubuta kan King a 1995, ya kawo yadda ƙarar ta mutu. King ya nemo Jeremiah Shabazz, malamin da Ali ya amince da shi tun farkon shigarsa addini, ya ba shi jaka mai tsabar kuɗi dala 50,000 da wata wasiƙa. Ya ce ya kai wa Ali, amma kada ya miƙa kuɗin sai Ali ya sa hannu. A lokacin lafiyar Ali ta fara taɓarɓarewa. Ya sa hannu. Wasiƙar ta janye ƙarar, ta kuma ba King damar shirya duk wani wasa da Ali zai yi nan gaba. Bashin da ya haura miliyan ya tafi a kan abin da bai kai kashi 5 cikin 100 nasa ba. Daga baya Shabazz ya ce ya yi nadamar wannan aike.

A lura da abu biyu a nan. Kuɗi ne a buɗe, ana gani ana taɓawa, a gaban mutumin da ke cikin buƙata, alhali kuɗin kotu yana can nesa. Sannan ta hannun amini aka biyo, a bayan idon lauya. Idan an yi wa Ali haka, mutumin da ya fi kowa suna a duniya a lokacin, ina ga ƙananan yara?

Holmes da ya doki Ali shi ma bai tsira ba. Ya kai King ƙara kan dala 300,000 da aka yanke daga ladan wasansa da Mike Tyson na 1988, aka sasanta a kan rabi.

TAKARDU HUƊU NA WITHERSPOON

Yanzu mu koma ga tambayarmu ta farko. Bisa bayanin Witherspoon, wanda Newfield ya kawo, takardu huɗu aka sa shi ya sa wa hannu tun yana tasowa. Ta farko ta ba Don King shi kaɗai damar shirya masa wasa. Ta biyu da ta uku sun naɗa Carl King manajansa. Kalmominsu iri ɗaya ne, sai dai ɗaya ta ce kason manaja kashi 33 cikin 100 ne, ita ce ake nuna wa hukuma, ɗayar kuma ta ce kashi 50, ita ce ake aiki da ita. Ta huɗu farar takarda ce, babu komai a kanta sai sa hannunsa.

Wane ne Carl King? Agolan Don King ne, ɗan matarsa. Wato mutumin da aikinsa shi ne ya ja ciniki da Don King a madadin Witherspoon, a gidan Don King ya tashi. An ba kura ajiyar nama.

Daga dala 550,000 na wasan Bruno, Carl ya ɗauki rabi, dala 275,000. Daga rabin da ya rage aka cire kuɗin hidimomi da basussuka da kuɗin atisaye, don a sansanin King da ke Orwell a jihar Ohio ake sa shi atisaye, kuma a caje shi. Abin da ya saura shi ne dala 90,000 ɗin nan. Bruno kuwa ba ya hannun King, nasa mutanen suka yi masa ciniki.

Wata biyar bayan haka, a Disamban 1986, aka canza masa abokin karawa ana saura kwanaki kaɗan, aka kawo James Smith, wanda Carl King ke da hannu a manajancinsa shi ma. Witherspoon ya faɗi a turmin farko, kambu ya tafi. A 1987 ya kai King ƙara yana neman dala miliyan 25. Shari'a ta ja kimanin shekara 5, aka sasanta a wajen kotu a kan kimanin dala miliyan 1. Ya samu wani abu. Amma shekarun da shari'ar ta ci, daga yana 29 zuwa 34, su ne shekarun ƙarfin ɗan dambe. Ya ci gaba da wasa har 2003, bai sake samun damar neman babban kambun duniya ba.

TYSON DA LITTAFIN LISSAFI

Mike Tyson ya zama zakara a 1986 yana da shekara 20, ya shiga hannun King daga 1988. A 1992 wani tsohon akantan kamfanin King, Joseph Maffia, ya yi rantsuwa a takardar kotu cewa ana cire wa iyalan King kuɗi daga ladan Tyson da sunan aikin ba da shawara, har da dala 52,000 a shekara ga 'yar King a matsayin shugabar ƙungiyar masoyan Tyson. King ya musanta. Tyson a lokacin ya goyi bayan King.

Sai a Maris na 1998 ya juya, ya shigar da ƙarar dala miliyan 100. Kafin a gama, a 2003, ya bayyana wa kotu cewa ya karye, ana bin sa bashin da ya haura dala miliyan 20, mutumin da aka ƙiyasta ya samu akalla dala miliyan 300 a fage. Gaskiya ne Tyson ya yi almubazzaranci na fitar hankali, ba za a ɗora wa kowa wannan ba. Amma karayar tasa ce ta yanke farashin ƙarar. A 2004 aka sasanta a kan dala miliyan 14, kuɗin kuma suka wuce wurin masu bin sa bashi.

Terry Norris, wanda duka ya riga ya taɓa masa magana, ya fi su dacewa. Ya zargi King da haɗa baki da manajansa a rage masa lada, bayan King ya ranta wa manajan kuɗi. Ƙarar ta kai gaban masu yanke hukunci a New York, kuma a Disamban 2003, kafin su faɗi matsayarsu, King ya yarda ya biya dala miliyan 7.5.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Babu kotun da ta taɓa ɗaure King kan cutar ɗan dambe. Gwamnati ta gurfanar da shi kan haraji a 1985, da zambar inshora a shekarun 1990, duka ya fita. Sasancin da ya yi bai amsa laifi a cikinsu ba. Hujjarsa kullum ita ce shi ya kawo manyan kuɗi cikin dambe, ya mayar da yaran unguwa masu miliyoyi, kuma shi ke ɗaukar asara idan wasa bai yi kasuwa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan. Tambayar da ta rage ita ce nawa wasan ya kawo, nawa aka gaya wa mai shan dukan.

DOKAR DA TA ZO A MAKARE

Ranar 26 ga Mayu, 2000, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar gyaran dambe da aka sa wa sunan Muhammad Ali, wadda Sanata John McCain ya jagoranta. Idan ka karanta tanade-tanadenta kamar an bi labaran da ke sama ne ɗaya bayan ɗaya.

Kan ƙofa, dokar ta ce idan an tilasta wa ɗan dambe ya ba da wasanninsa na gaba kafin a haɗa shi da yaron wani furomota, wannan sharaɗi ba zai wuce wata 12 ba. Idan kuma shi ne wanda layi ya zo kansa dole zakara ya kara da shi, ba za a nemi wannan sharaɗi daga gare shi ba sam.

Kan wakili, ta gina katanga tsakanin manaja da furomota a manyan wasanni masu turmi 10 zuwa sama. Furomota ba zai samu kaso a manajancin ɗan dambe ba, manaja kuma ba zai ci albashin furomota ba.

Kan littafin lissafi, ta wajabta wa furomota ya bayyana wa ɗan dambe nawa ya samu daga wasan, da duk abin da zai yanke daga ladansa. Ta kuma ba ɗan dambe damar kai ƙara da kansa.

Shekara 63 ke nan bayan cinikin Braddock, shekara 40 bayan shaidar Ike Williams. Kuma dokar ta zo da raunin da ya rage mata kaifi: ba ta kafa wata hukuma ta ƙasa da za ta sa ido ba. Ba kasafai ake jin gwamnati ta gurfanar da wani a kanta ba. Nauyin ya koma kan ɗan dambe, ya nemi lauya, ya jira kotu.

BAYAN DOKA

Jiran nan shi ne har yau makamin da ya fi kaifi. Andre Ward, zakaran da bai taɓa faɗuwa ba tun da ya zama ƙwararre, ya yi rigima da furomotansa Dan Goossen, ya zauna babu wasa daga Nuwamban 2013 zuwa Yunin 2015. Mikey Garcia ya yi shari'a da kamfanin Top Rank na Bob Arum, ya shafe shekara biyu da rabi a gida, daga Janairun 2014 zuwa Yulin 2016, yana tsakiyar ƙarfinsa. Furomota yana da wasu yaran da zai ci gaba da kasuwa da su. Ɗan dambe jiki ɗaya gare shi.

Waɗanda suka kuɓuta da wuri su ne masu suna da kuɗi. A 2006 Floyd Mayweather ya biya Top Rank dala 750,000 ya fanshi kwantiraginsa, ya koma shirya wa kansa wasa, kuma a wasansa da Manny Pacquiao na 2015 kaɗai ya samu sama da dala miliyan 200.

Labarin da ya fi ba ni abin tunani shi ne na Oscar De La Hoya. A 2000 ya kai Bob Arum kotu don ya fita daga kwantiraginsa, ya yi nasara a 2001. A 2002 ya kafa nasa kamfanin, Golden Boy, ya zama furomota. A Satumban 2020 babban yaronsa, Canelo Álvarez na Meziko, ya kai shi kotu tare da kamfanin DAZN kan yarjejeniyar dala miliyan 365 ta wasanni 11 da aka ƙulla a 2018. Cikin wata biyu aka sallami Canelo. Wanda ya yi ƙara jiya shi ake ƙara yau. Wannan ya nuna matsalar ta wuce halin Don King ko na Frankie Carbo. Kujerar ce haka: duk wanda ya zauna a kanta, ribarsa tana cikin abin da bai biya ba, kuma idan babu mai ja da shi tsakani da Allah, zai ja bargon duka.

Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gardi dai yana da aikinsa, shi ke tara 'yan kallo, in ba shi babu wasa. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne inda rabon ke karkacewa, kuma kusan kullum tun kafin a buga ƙararrawar turmin farko ne: takardar da aka sa wa hannu ba a karanta ba, wakilin da ke cin abinci a gidan abokin ciniki, alkawarin baka da ya saɓa wa rubutu, sayar da aikin gobe don a samu shiga yau, da lissafin da mutum ɗaya kaɗai ke gani.

Mu a nan ba ma dunƙule hannu, amma da yawanmu za mu zauna wata rana gaban mai buga littafi, ko mai manhajar karatu, ko mai shirya fim, a turo mana takarda. Ranar, a tambayi shekara nawa za ta ɗaure mu, ayyuka nawa ta haɗa, wa ke riƙe da lissafin ciniki, kuma a nuna wa wanda ba ya cin komai a wurin mai takardar. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mai gyara ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.